Sharhi kan ofishin da ke ba 'yan haya shawarar shari'a: abin da ya yi mini da tsohon mai gidana ya kai ni kotu

Akwai wani nau'in aikin lauya wanda ba a ɗaukar lauyan domin ya riƙe shari'a daga farkonta har ƙarshenta, sai dai a kai masa takardu ya karanta, ya ba da shawara, ya rubuta martanin da za a shigar a kotu, sannan mutum ya je ya tsaya wa kansa a gaban alƙali. Irin wannan ofishi na nema lokacin da mai gidan da na taɓa haya a wurinsa ya shigar da ni ƙara bayan na tashi. Ofishin ƙarami ne, 'yan haya kaɗai yake yi wa aiki, kuma ra'ayina a kansa shi ne cewa ya ƙware ƙwarai wajen karanta takardar ƙara da gaya wa mutum gaskiyar matsayinsa, amma yana da rauni a fili wajen shirya mutum domin ranar zaman kotu, wadda ita ce ranar da ɗan haya ya fi buƙatar taimako.

Sai na fayyace yadda ƙarar take domin mai karatu ya iya auna abin da zan faɗa. Canjin wurin aiki ya sa na bar gidan alhali da sauran wata 3 kafin wa'adin yarjejeniyarmu ya cika, kuma na sanar da mai gidan a rubuce tun kafin in kwashe kayana. Ya karɓi makullai, ya riƙe kuɗin ajiyar da na bayar lokacin shiga, bai ce mini komai ba, sai daga baya sammaci ya iso. A cikin takardar ƙarar ya nemi kuɗin hayar wata 3 ɗin, da kuɗin sake fentin gidan baki ɗaya, da kuɗin sauya tayil ɗin banɗaki da silin ɗin da ruwa ya ɓata, da bashin wuta da ruwa, duk an tattara su a jimla ɗaya mai girman da za ta hana mutum barci.

Matakin farko ya burge ni. Ma'aikaciyar da ta amsa waya ba ta bar ni na fara ba da labarin zaluncin da nake ganin an yi mini ba, sai ta tambaye ni ranar da sammacin ya shigo hannuna da kuma yadda aka miƙa mini shi, ta ce in karanta mata wa'adin da aka rubuta a jikinsa. A lokacin na ɗan ji haushin yadda ta katse ni, amma tambayarta ita ce ta dace. Wa'adin mayar da martani ya bambanta daga kotu zuwa kotu, kuma yawanci daga ranar da aka isar da sammaci ake fara ƙirga shi, wanda kuwa ya bari ya wuce ba tare da ya amsa ko ya bayyana ba, ana iya yanke masa hukunci a bayan idonsa bisa abin da mai ƙara ya rubuta kawai. Irin wannan hukunci yana da ƙarfi daidai da wanda aka yanke bayan an saurari kowa, domin da shi ake iya neman a riƙa cirar wani kaso daga albashin mutum, ko a taɓa asusunsa na banki, ko a kama kayansa, gwargwadon abin da dokar wurin ta yarda da shi. Ta kuma nemi cikakken sunan mai gidan domin ta tabbatar ofishinsu ba ya da wata alaƙar aiki da shi kafin in faɗi sirrina, sannan ta aiko mini da jerin abubuwan da zan zo da su: yarjejeniyar haya, rasit na kowane biya, hotunan gidan na ranar shiga da na ranar fita, saƙonnin da muka yi musaya da mai gidan da wakilinsa, da sammacin tare da duk takardun da aka maƙala masa.

Zaman da na yi da lauyar da aka haɗa ni da ita shi ne ainihin abin da na biya kuɗi dominsa, kuma shi kaɗai ya isa ya fanshe su. Abin da ta fara yi shi ne ta ƙi kallon jimlar da ke ƙasan takardar. Ta ɗauki farar takarda ta raba da'awar gida huɗu, ta ce kowane gida da dokarsa da irin hujjar da yake buƙata, kuma nauyin kawo hujjar a wuyan mai ƙara yake, domin shi ya zo yana cewa yana bin bashi. A kowane gida tambayoyi uku take yi: shin yarjejeniyar ko doka ta ɗora wannan nauyi a kan ɗan haya, shin mai gidan ya nuna cewa abin ya faru a lokacin zamana kuma ta dalilina, sannan shin adadin da ya rubuta yana da rasit a bayansa ko ƙiyasi ne kawai.

A kan fenti ta yi mini bayanin da ban taɓa ji a tsare haka ba. Doka a wurare da yawa tana bambanta lalacewar da zama na yau da kullum ke jawowa da ɓarnar da ɗan haya ya yi da gangan ko ta sakaci. Fenti ya kode, ko bango ya yi duhu inda kujera ta daɗe a jingine, ko hannun ƙofa ya saki saboda yawan buɗewa, duk waɗannan suna cikin abin da kuɗin haya ya riga ya biya, domin wanda ya ba da gidansa haya ya san za a zauna a cikinsa ne. Fasa taga, ko huda bango da manyan ramuka, ko ƙona kanta a kicin, waɗannan ɓarna ce, kuma ɗan haya ne ke biya. Ta ƙara da abin da ya fi muhimmanci, wato ko da an tabbatar da ɓarna, abin da mai gida ya cancanta shi ne darajar abin a ranar da aka ɓata shi, ba kuɗin sabo ba. Ta buga misali da lissafi mai sauƙi: idan fenti ana sa ran zai yi shekara 5, kuma ya riga ya yi 4 a bango, to abin da ya rage na darajarsa kashi 20 ne cikin 100, saboda haka wanda ya nemi a biya shi kuɗin sabon fenti gaba ɗaya yana neman ɗan haya ya sabunta masa gida ne. Da yake na daɗe a gidan kuma ba a taɓa sake fentin ba tun shigata, ta ce wannan gida na da'awar shi ne mafi rauni.

Batun banɗaki ya fi wuya, kuma a nan ne na ga amfanin wanda ya saba da irin waɗannan shari'o'i. Ruwan da ya ɓata silin da tayil daga wani bututu ne da ke cikin bango, kuma gyaran abin da ke cikin ginin kansa galibi aikin mai gida ne. Amma ta gargaɗe ni cewa lauyan mai gidan zai iya juya maganar ya ce na ga yoyon na yi shiru har ɓarnar ta yi yawa, domin ɗan haya yana da nauyin sanar da mai gida idan abu ya lalace. Sai ta sa na buɗe wayata muka bi saƙonnin WhatsApp ɗaya bayan ɗaya har muka samo inda na aika wa wakilin mai gidan hoton bangon da ya jiƙe, da amsar da ya bayar cewa zai turo mai gyaran famfo. Ta ce wannan amsa tasa ta fi saƙona daraja, domin ita ce ke nuna cewa labarin ya isa inda ya kamata ya isa.

A sauran gidaje biyu na da'awar ba ta yi mini daɗin baki ba, kuma wannan ne ya sa na amince da ita. Takardar kuɗin wuta da ruwa ta watan ƙarshe ta fito ne bayan na tashi, amma ni na yi amfani da su, don haka ta ce bashi ne a kaina, in daina tunanin musanta shi, domin alƙalin da ya ga mutum yana musun abin da yake a fili zai yi shakkar sauran maganarsa. Game da hayar wata 3 kuwa, ta ce sanarwar da na bayar ba ta warware yarjejeniyar ba, tunda babu sharaɗin da ya ba ni damar fita kafin wa'adi, kuma karɓar makullai da mai gidan ya yi ba lallai ne kotu ta ɗauke shi a matsayin yafe sauran kuɗin ba. Sai dai ta tambaye ni ko an sa wani a gidan bayan fitata, domin ƙa'ida ce da kotuna da yawa ke bi cewa mai gida ba zai karɓi haya sau biyu a kan wata ɗaya ba, kuma a wurare da dama ana ma buƙatar ya yi ƙoƙarin samun wani ɗan haya maimakon ya bar gida a rufe yana ƙirga bashi. Ta ba ni aikin bincikowa. Wani tsohon maƙwabcina ya tabbatar mini cewa sabon ɗan haya ya tare bayan wata 1, kuma ya yarda zai faɗi haka idan an kira shi, sannan na samo tallar gidan da aka sa a intanet da kwanan wata a jikinta. Da wannan, hayar wata 3 ta koma ta wata 1.

Kafin mu tashi ta ja mini kunne a kan hulɗa da mai gidan. Ta ce kada in kira shi cikin fushi, kada kuma in rubuta masa saƙon ban haƙuri mai ɗauke da alƙawarin biya, domin amsa bashi a rubuce hujja ce a hannunsa, kuma a wasu wurare tana iya sabunta wa'adin da doka ta ba mai bin bashi na shigar da ƙara. Baki shi ke yanka wuya, kuma a shari'ar haya yawanci saƙon waya ne bakin.

Martanin da ofishin ya rubuta gajere ne, an bi sakin layi na takardar ƙarar ɗaya bayan ɗaya, an amsa abin da ya kamata a amsa, an musanta saura tare da dalili, sannan aka shigar da tawa da'awar a ciki, wato a lissafa kuɗin ajiyar da mai gidan ya riƙe ba tare da ya ba ni bayanin abin da ya yi da su ba. Wannan ya zama dole, domin a takardarsa bai ko ambaci kuɗin ajiyar ba, sai ka ce ba a taɓa ba shi ba. Harshen martanin mai sauƙi ne, yadda ni da zan tsaya a kansa zan iya kare kowane layi. Sai dai a kwafin farko da aka aiko mini an yi kuskure a kwanan watan da na miƙa makullai, kuma kuskuren ya kai ga zai iya ƙara mini bashin wasu makonni. An gyara shi nan take da na nuna, amma ofishin da ke gaya wa mutane cewa kwanan wata shi ne ƙashin bayan shari'a bai kamata ya bar irin wannan ya wuce ba. Duk wanda zai yi aiki da su, ya karanta abin da aka rubuta da sunansa kalma bayan kalma kafin ya sa hannu.

Daga nan ne raunin ya fara bayyana. An gaya mini tun farko cewa lauyar ba za ta je kotu ba, kuma ban yi jayayya da wannan ba, tunda shi ne tsarin aikin. Abin da nake kuka da shi shi ne shirin da aka yi mini domin ranar, wanda bai wuce takarda mai shafi ɗaya ba: ka je da wuri, ka yi shiga ta mutunci, ka riƙa cewa "Ya mai shari'a", kada ka katse kowa, ka tafi da kwafin kowace takarda domin alƙali da abokin shari'a da kai kanka. Duk wannan daidai ne, amma mai gidan ya zo da lauya, kuma babu wanda ya nuna mini yadda ake gabatar da takarda a matsayin hujja, ko yadda zan yi wa shaidar mai ƙara tambayoyi, ko abin da zan ce idan lauyansa ya ƙi amincewa da wata takarda tawa. Hakan kuwa ya faru a kan saƙonnin wayar da na buga a takarda, waɗanda su ne ginshiƙin kariyata a batun banɗaki. Kotuna da yawa suna da sharuɗɗa na musamman kafin su karɓi hujjar da aka ciro daga waya ko kwamfuta, kuma ofishin da ya gano darajar saƙonnin ya kamata ya shirya su yadda kotu za ta karɓa. Alƙalin ya ɗage zaman ya ba ni damar cika sharuɗɗan, wanda adalci ne daga gare shi, amma wani alƙalin yana iya ƙin karɓarsu kawai ya ci gaba. A ganina zama na rabin sa'a da za a yi gwajin tambaya da amsa da ɗan haya zai toshe wannan gibi, kuma da yawa za su yarda su biya ƙarin kuɗi dominsa.

Samun ma'aikatan ofishin bayan an shigar da martani shi ma ya yi wuya. Kusan duk kiran da na yi sabon mutum ne ke ɗauka, in sake ba da labarin daga farko, a ce za a isar wa lauyar, amsa kuma ta zo a makare. Ba na zargin lauyar da sakaci, domin duk lokacin da amsarta ta iso takan zo a cike, amma a bayyane yake cewa ofishin yana karɓar mutane fiye da yadda ma'aikatansa za su iya bi, kuma shari'a ba ta jiran wanda ke jiran a kira shi.

A zama na gaba kotun ta ba mu shawarar mu gwada sulhu, kuma a nan ofishin ya sake nuna ƙwarewarsa. Lauyan mai gidan ya kawo daftarin sasantawa wanda adadin da ke cikinsa ya yi mini daidai, wato hayar wata 1 da kuɗin wuta da ruwa, a cire su daga kuɗin ajiya, a mayar mini da ɗan abin da ya rage. Na aika wa lauyata kafin in sa hannu, sai ta dawo da shi da gyare-gyaren da ban hango ko ɗaya daga cikinsu ba. Daftarin bai ce wannan sulhu ya rufe duk wata da'awa da ta shafi hayar ba, wanda ke nufin mai gidan zai iya dawowa da batun fenti a wata sabuwar ƙara. Bai sa ranar da za a mayar mini da ragowar kuɗin ba. Sannan an rubuta shi ne a matsayin hukuncin da na amince a yanke a kaina, alhali ana iya rubuta shi a matsayin yarjejeniyar da za a janye ƙarar a kanta. Ta bayyana mini cewa bambancin yana da nauyi, domin hukuncin kotu yana zama a rajista, kuma akwai wuraren da masu gidaje da masu ba da rance ke duba irin wannan rajista kafin su amince da mutum. Ɗaya ɓangaren ya karɓi gyaran guda uku bayan ɗan ja-in-ja, aka sa hannu, aka janye ƙarar.

Game da kuɗin aiki, an gaya mini adadin a rubuce tun kafin zaman farko, kuma bai canza ba. Ya ƙunshi zaman shawara da rubuta martani, bai ƙunshi kuɗin shigar da takarda a kotu ba, duba daftarin sulhun kuma an caje shi daban, abin da aka rubuta a takardar sharuɗɗa amma ba a faɗa da baki ba. Idan aka kwatanta da ɗaukar lauyan da zai riƙe shari'ar gaba ɗaya, wanda kuɗinsa kan iya kusantar abin da ake jayayya a kai a ƙaramar ƙara irin tawa, tsarin yana da ma'ana.

Wanda wannan ofishi zai yi wa amfani shi ne ɗan hayar da ke da takardunsa, wanda jayayyarsa a kan kuɗin ajiya ce da gyare-gyare da ragowar haya, kuma yana iya tsayawa ya yi magana a natse a gaban mutane. Wanda ba shi da yarjejeniya a rubuce ko rasit, wanda shari'arsa za ta dogara ga shaidu da yi musu tambayoyi, ko wanda ake zargi da babbar ɓarna kamar gobara, gara ya nemi lauyan da zai shiga kotu tare da shi, ko ya fara bincika ko ya cancanci taimakon lauya kyauta a inda yake. Haka kuma wanda aka riga aka yanke wa hukunci a bayan idonsa ya sani cewa neman a jingine hukuncin aiki ne dabam, wanda kotu kan buƙaci a nuna mata dalilin rashin zuwa da kuma kariyar da ta cancanci a saurara, kuma jinkiri yana rage damar samunsa. Ofishin ya shaida mini cewa wannan ba ya cikin aikin da suke yi a kan ƙayyadadden kuɗi, sai dai su tura mutum wurin wani lauya, don haka mai irin wannan matsala ya faɗe ta tun a kiran farko kafin ya biya komai.